Kwana Biyu A Sabon Ibadan: Abin Da Ƙwan Fitilar Mota Ya Koya Mini

Masu iya magana sun ce tafiya mabuɗin ilmi. Na sha jin wannan karin magana tun ina yaro, amma ban taɓa zaton ilmin da zan ƙaru da shi a birnin Ibadan zai fito daga cikin ƙwan fitilar mota ba, abin da mutum zai dunƙule a tafin hannunsa. Ga yadda al'amarin ya kasance.

Cikin hunturu muka tashi daga Kano bayan sallar asuba, mu huɗu a ƙaramar mota, za mu ɗaurin auren ɗan wani amininmu a unguwar Sabo da ke gindin Mokola. Direbanmu saurayi ne mai ladabi, ya kuma san hannunsa, sai dai akwai abu guda da ya yi ta yabo tun daga Zariya. Wai kwana biyu kafin tafiya ya cire ƙwayayen fitilar da motar ta zo da su, masu haske ja-ja irin na da, ya sa waɗansu sababbi masu haske fari fat, a kan kuɗi kaɗan. Ya ce mu dai jira dare ya yi, za mu ga hanya ta koma kamar tsakar rana.

Muka wuce Kaduna, muka ratsa Jihar Neja har Mokwa, muka haye kogin Kwara a gadar Jebba rana ta yi sanyi. Magariba ta riske mu a Ilori. Da duhu ya kankama direba ya kunna fitila, kuma lalle hasken ya yi fari. Ganyayen itatuwa na can sama duk muna ganinsu ɗaya ɗaya, har da wayoyin lantarki. Amma kwaltar da ke gabanmu, wadda ita ce abin bukata, haskenta dabbare-dabbare ne, nan fari can duhu. Ban da wannan, duk motar da ta tunkaro mu sai ta yi ta ƙyafta mana fitila, alhali kuwa direbanmu ya rantse a kan gajeriya yake, bai taɓa doguwa ba. Kafin mu kai Ogbomosho fitilar hagu ta soma rawa, can kuma ta mutu murus. Muka zama mota mai ido ɗaya, wadda mai zuwa daga nesa zai ɗauka babur ce.

Tsakanin Ogbomosho da Oyo, a kan tsohuwar hanya mai ƙunci inda manyan motoci ke bin juna kamar ayarin raƙuma, wata tirela ta ɓullo daga kwana. Ta ƙyafta mana sau biyu, da ta ga ba mu rage ba sai ta sakar mana dukan abin da take da shi. Ni da ke gaba ban ƙara ganin kome ba sai fari. Direba ya taka birki, ya riƙe sitiyari da hannu biyu yana salati. Da tirelar ta wuce idanunmu suka dawo, sai ga rassan itace zube a kan kwalta, alamar da direbobi kan ajiye in mota ta lalace, ga kuma bayan wata babbar mota a tsaye ba ko ɗigon fitila. Tsakaninmu da ita bai fi tsawon mota biyu ba. Daga nan babu wanda ya sake cewa uffan. Muka lallaɓa ta Moniya da Ojoo, muka wuce ƙofar Jami'ar Ibadan da Sango, muka iso shataletalen Mokola dare ya raba.

UNGUWAR DA AKA GINA KAN AMANA

Da gari ya waye, bayan an ɗaura aure an ci an sha, na fita don in ba idona abinci. Mokola mahaɗar hanyoyi ce. Ta arewa hanyar Oyo ce da muka biyo, ta kudu a gangara Dugbe inda dogon benen nan na Cocoa House yake tun 1965, ta gabas kuma titin Sarauniya Elizabeth ya wuce babban asibitin koyarwa na jami'a ya nufi Agodi. A bisa shataletalen akwai gadar sama da aka buɗe cikin 2013, zamanin Gwamna Abiola Ajimobi. A ƙarƙashinta ƙananan motocin haya ƙirar Micra ne ke ta kai da kawowa kamar tururuwa, ga 'yan acaɓa da masu Keke suna kutsawa tsakaninsu. In ka hau dutsen Mokola, inda aka gina otal ɗin Premier cikin 1966, za ka hangi rufin kwano masu tsatsa sun shimfiɗu iyakar ganinka, hazon hunturu ya lulluɓe su.

Taku kaɗan daga wannan hayaniya sai ka ji kamar ka shiga Fagge. Ga masu tsire da balangu, ga masu shayi, ga 'yan canji zaune a bakin rumfuna, Hausa ce ke tashi ko'ina, ko da yake yaron da aka haifa a nan zai juya ya yi ciniki da Yarabanci ba gargada. An kafa Sabo cikin 1916, sa'ad da aka keɓe wa Hausawa wuri nasu a gefen garin da fataken da ke kira Badun. Hanyar jirgin ƙasa ta riga ta iso Ibadan daga Ikko cikin 1901, ta kai Kano cikin 1911, saboda haka ciniki ya buɗe: shanu su gangaro Kudu, goro ya haura Arewa.

Wani Bature masanin zaman jama'a mai suna Abner Cohen ya zauna da mutanen unguwar a farkon shekarun 1960, ya wallafa littafi a kansu cikin 1969. Abin da ya fi jan hankalinsa shi ne yadda dukiya mai yawa ke wucewa daga hannu zuwa hannu bisa yarda. Baƙo zai kawo shanunsa ya sauka wurin maigida, maigida ya ba shi masauki, dillalansa su sayar wa mahauta bashi, in mahauci ya ƙi biya kuwa maigidan ne mai ɗaukar nauyi. Wanda ya ci amana sau ɗaya labarinsa zai riga shi isa Arewa, kasuwarsa ta mutu ke nan.

Yanzu mota ta karɓe kayan da jirgi da ƙafa ke ɗauka a da. Shanu, tumatir, albasa, attaruhu da wake duk a bayan manyan motoci suke sauka kasuwannin garin irin su Bodija da Sasa, kuma galibi da dare ake tafiyar, domin zafin rana yana galabaitar da dabba yana kuma ruɓar da kayan gwari. Watau dai abincin wannan babban birni da arzikin 'yan'uwanmu da ke cikinsa suna biyo bayan hasken fitilar mota ne kowane dare. Da na tuna abin da ya same mu jiya, sai na ga maganar ƙwan fitila ta wuce a bar wa yaran mota.

A RUMFAR MAI WAYARIN

Mai masaukinmu ya kai mu wurin wani dattijo Bayarabe mai gyaran wayarin mota, a wani lungu bayan shataletalen. Ya yi shekaru yana aiki a Arewa, Hausa a bakinsa kamar Bazazzagi. Bayan an gaisa, direbanmu ya ce, "Baba, ƙwai nake so wanda ya fi wannan ƙarfi, yadda duk wanda ya haske ni zan rama."

Dattijon ya yi murmushi ya dubi mai masaukinmu. Ya ce, "Alhaji, ka ji irin maganar da ke kawo mini aiki." Sa'an nan ya juya ga direba: "Ɗana, buɗe mini gaban motar tukuna. Likita ba ya rubuta magani sai ya ga majinyaci."

Ya zaro mataccen ƙwan ya nuna mana. Irin wanda ake kira LED ne, a gindinsa akwai 'yar fanka ƙarama wadda ƙurar hanya ta toshe. Ya ce irin wannan ƙwai gabansa ba ya zafi sosai, amma gindinsa na yi, in fankar ta tsaya sai zafi ya kashe shi. Daga nan ya jawo wani tsohon akwati cike da ƙwayaye iri iri, ya baje su a kan benci, ya shiga yi mana bayani yana ɗaga su ɗaya bayan ɗaya. Abin da ya faɗa na haɗa shi da abin da na sani a karatu, ga shi a taƙaice.

Fitilar da tsofaffin direbobi suka fara sani ita ce mai ƙwai da kwano da gilashi a haɗe wuri guda, in ta ƙone sai a jefar da ita ɗungum. Irinta doka ta wajabta a Amurka tun daga 1940 har zuwa 1983. A Turai kuwa cikin 1962 aka fito da ƙwan halojin na farko don mota, mai lamba H1. Asirinsa shi ne, zaren da ke ci a cikin ƙwai na ƙarfen tangistin ne, kuma in ya yi zafi yakan riƙa tashi kaɗan kaɗan yana mannewa a jikin gilashi, shi ya sa ƙwayayen da kan yi baƙi kafin su mutu. Da aka sa iskar aidin ko buromin a ciki, sai ta riƙa kwaso abin da ya tashi tana mai da shi kan zaren. Saboda haka ana iya ƙara wa zaren zafi, haske ya ƙaru, gilashi kuma ya zauna garau. Cikin 1971 aka fito da H4 mai zare biyu, ɗaya na doguwar fitila mai cin wat 60, ɗaya na gajeriya mai cin wat 55, a motar da batirinta ke da bolt 12. Manyan motoci masu bolt 24 nasu mai wat 75 da 70 ne. Shi ne irin wanda motarmu ta zo da shi.

Bayan halojin sai zenon, wanda ya fara bayyana a motar BMW cikin 1991. Shi ba shi da zare ko kaɗan. Wuta ce ke tsallakawa tsakanin tsinke biyu kamar walƙiya, kuma sai da wani ɗan akwati da ke ɗaga ƙarfin lantarki zuwa dubban bolt kafin ya kama. Wat 35 kawai yake ci, amma haskensa ya kai lumen 3,200, alhali gajeriyar H4 wajen 1,000 take bayarwa. Lumen shi ne ma'aunin yawan haske. Saboda tsananin haskensa, dokar Turai ta ce motar da ke da irinsa sai ta kasance da abin wanke gilashin fitila da abin da ke daidaita ta da kansa in an yi wa motar lodi. Na ƙarshe shi ne LED, wanda ya shigo fitilar gaba a motar Lexus cikin 2007 da Audi cikin 2008.

Direba ya ce, "To, Baba, ai ka ga na bayan ya fi na gaba. Mene ne laifina don na sa sabo?"

Dattijon ya ɗauki H4 ya kara shi kusa da idon yaron. Ya nuna masa wani ɗan ƙoƙon ƙarfe, bai kai farce ba, a ƙarƙashin zaren gajeriyar fitila. Ya ce aikin wannan ƙoƙo shi ne ya tare hasken da zai tashi sama ya shiga idon mai zuwa. Kwanon da ke bayan ƙwai kuma, mai sheƙi kamar madubi, an ƙera shi ne bisa lissafin cewa hasken zai fito daga wuri guda tak, daidai inda zaren yake. In aka sa wani ƙwai wanda haskensa ke fitowa gaba kaɗan, ko baya kaɗan, ko ta gefe, ko da da kaurin ƙwayar gero biyu ne, kwanon zai watsa shi inda ba a nufa ba. Shi ya sa muka ga ganyayen itace muka rasa kwalta. Ya ce LED da zenon ba su da aibi a cikin fitilar da aka ƙera dominsu. Ɓarnar tana zuwa ne in an cusa su a gidan da ba nasu ba. Wannan magana tasa gaskiya ce, domin ko a Jamus sai cikin 2020 hukuma ta fara yarda a sa ƙwan LED a gurbin halojin, shi ma sai a motocin da aka gwada aka jera sunayensu.

Sa'an nan ya faɗi abin da ya sa jikin direbanmu ya yi sanyi. Ya ce, "Mai tirelar nan da kake zagi, kai ka fara makantar da shi. Ya roƙe ka sau biyu ka rage, ya ɗauka ƙi ka yi."

INDA HASKE KE ƁACEWA

Yaron ya kawo hujjarsa ta ƙarshe, ya ce ai bai canza tsofaffin ƙwayayen ba sai da ya ga haskensu ya dushe. Dattijon bai yi gardama ba. Ya sa aka ta da mota, ya ɗauko na'urar awon wuta ya gwada a kan batir, sa'an nan ya sa wani ƙwan halojin nasa ya gwada a gindin ƙwan yana ci. Lambar da ta fito a gindin ƙwan ta kasa ta batir da fiye da bolt guda. Ya bi waya har ya kai inda aka ɗaure ta a jikin ƙarfen mota, ya tarar da tsatsa ta ci wurin. Ya kankare, ya ɗaure tam, ya sake awo, lamba ta hau.

Abin lura a nan shi ne, ƙwai mai zare ba ya haƙuri da ƙarancin wuta. In ƙarfin lantarkin da ke isa gare shi ya ragu da kashi 10 cikin 100, haskensa kan ragu da wajen kashi 30. Haka kuma in wutar ta yi yawa da kashi 5 cikin 100 kawai, kwanansa kan ragu da kusan rabi, don haka motar da ke yawan ƙona ƙwai a duba na'urar da ke cajin batirinta. A tsohuwar mota wadda wayoyinta suka gaji, maganin shi ne a ja sabuwar waya mai kauri daga batir, a sa mata fis, a haɗa ta da ɗan makunnin nan mai aiki da maganaɗisu wanda masu sana'ar ke kira rile. Da haka wuta za ta isa ƙwai ba tare da ta zagaya ta makunnin sitiyari ba.

Wuri na biyu da haske ke ɓacewa shi ne murfin fitila. Motocin da gilashi gare su, na yanzu kuwa roba ce mai ƙarfi, wadda rana irin tamu ke mai da ita rawaya, ta yi hazo kamar idon da yana ta rufe. Dattijon ya sa yaronsa ya goge namu da takardar yashi mai laushi da ruwa, ya bi da man gogewa har suka yi garau. Ya gargaɗe mu cewa in ba a shafa abin kare rana a kai ba, hazon zai dawo.

Ya kuma ja kunnenmu game da ƙwai mai wat 100 da 90 da direbobi ke so. Ƙwai mai wat 55 yana jan wutar da ba ta kai amfiya 5 ba, mai wat 100 kuwa fiye da 8 yake ja, ta cikin wayar da ba a yi ta don haka ba. Ya nuna mana wani soket da ya narke ya dunƙule, da wani kwanon fitila da zafi ya cinye sheƙinsa. Haka nan ƙwai mai shuɗin fenti a jiki, wanda ake saye don ya yi kama da zenon: fentin tace hasken yake yi, abin da ke fita ya ragu.

KASUWAR AGODI

Da la'asar muka bi yaron dattijon ta titin Sarauniya Elizabeth zuwa kasuwar kayan mota ta Araromi da ke Agodi Gate, wadda gobara ta yi wa mummunar ɓarna cikin Afrilu 2021. Wuri ne da za ka sami kome na mota, tun daga inji har ƙusa, sabo da wanda aka kwance daga motocin da Yarabawa ke kira tokumbo, mu kuma mu ce 'yan Beljiyam. A nan na gane dalilin da ya sa dattijon ya ce kada mu saya da ka. Motocin da aka shigo da su daga Turai galibi H4 ko H7 ko H1 suke ɗauka, na Amurka kuwa sau da yawa 9005 da 9006 ko H11. Lambar tana rubuce a gindin tsohon ƙwai, kuma kowane iri da siffar kunnuwansa, yadda ba zai zauna daidai ba sai a gurbinsa.

Yaron ya ƙi kwali biyu kafin ya karɓi na uku. Yakan ɗaga ƙwai ya duba ko zaren a miƙe yake a tsakiya, ko gindin yana girgiza, ko rubutun jikin ƙarfen ya fito sosai. Wanda muka saya ya fi na farko tsada, amma araha ba ta ado. Biyu muka saya, domin ƙwayayen da aka sa rana ɗaya tare suke tsufa, in ɗaya ya mutu ɗan'uwansa na kan hanya. Muka ƙara na uku don ajiya a cikin mota.

Da muka dawo dattijon ya sa su da kansa. Bai taɓa gilashin da yatsa ba, ta gindi ya riƙe. Ya ce maiƙon hannu in ya zauna a kan gilashin halojin, wurin kan fi sauran zafi har ya kumbura ko ya fashe, in kuwa an taɓa bisa kuskure sai a goge da tsumma mai tsabta da ɗan sifirit. Ya daidaita kunnuwa uku na ƙwan a gurabensu, ya maƙala wayar da ke riƙe shi, ya mai da murfin roba na baya don kada ƙura da ruwa su shiga. Ya ce ya sha ganin ƙwan da aka danna a kife da ƙarfin tsiya, mai motar na ta haska sama yana zagin kamfani.

SHARI'AR BANGO

Bayan sallar isha'i aka yi aikin ƙarshe. Dattijon ya sa aka kai motar wani fili mai lebur, aka tsai da ita tana fuskantar bango, tsakaninsu mita 10. Ya duba iskar tayoyi, ya ce direba ya zauna a mazauninsa. Ya auna tsayin tsakiyar fitila daga ƙasa, ya je ya ja layi da alli a bango daidai wannan tsayi, ya sake jan wani layin santimita 10 a ƙarƙashinsa. Ya nuna mini inda aka buga 1.0% a jikin gidan fitilar, watau hasken ya riƙa sunkuyawa santimita 1 a kowace mita. Da aka kunna gajeriya, sai ga haske ya yanke a bango kamar an sa wuƙa, sama duhu ƙasa haske. Ya murɗa sukurorin da ke bayan fitila har bakin hasken ya sauka kan layin ƙasa.

A nan na lura da cewa bakin hasken a kwance yake ta hagu, amma ta dama ya ɗaga sama kamar gangaren tudu. Na tambaya, sai dattijon ya tuna mini da ran 2 ga Afrilu 1972, ranar da Nijeriya ta bar tuƙi ta hannun hagu irin na Ingila ta koma dama, kamar maƙwabtanmu Nijar da Kamaru. Tun daga ranar mai zuwa ta hagunka yake wucewa, don haka aka kwantar da hasken ta wajensa, aka ɗaga shi ta dama don ka ga mai tafiya a ƙasa da dabba da allon hanya. Motar da aka ƙera don Ingila ko Japan akasin haka take. In aka shigo da ita aka juya mata sitiyari aka bar fitilunta, to tudun hasken nan cikin idon mai zuwa zai riƙa sauka, kome kyawun ƙwan da aka sa. Bango kaɗai ke tona wannan asiri. Ya ƙara da cewa mu masu cika bayan mota da buhuna mu sani, in baya ya danne gaba ɗagawa yake, fitila ma ta ɗaga, sai a rage ta da ɗan maɓallin da ke kusa da sitiyari in motar na da shi.

Mai karatu, yi wannan lissafi da kanka. Motar da ke gudun kilomita 100 a sa'a tana cin kusan mita 28 a kowace daƙiƙa. In haske ya rufe wa direba ido na daƙiƙa 2 kawai, ya yi tafiyar mita 56 a makance. Tsai da mota daga wannan gudu kuwa yana bukatar fiye da mita 70, ko da kwalta a bushe take. Wanda ka makantar ɗin nan kuma ba wani wuri ya nufa ba, kai ya tunkaro. Cikin hazon hunturu ma abin ya fi muni, domin doguwar fitila kan bugi ƙura ta dawo idon mai ita.

Ba mamaki a ce a wannan gari na karɓi wannan darasi, domin a nan Jihar Oyo aka kafa rundunar kiyaye haɗarin hanya cikin 1977, da sa hannun Farfesa Wole Soyinka, wanda kuma ya zama shugaban farko na hukumar kiyaye haɗurra ta tarayya da aka kafa cikin 1988. Amma jami'i ba ya kwana a kowace kwana tsakanin Jebba da Oyo. Da tsakar dare direbobi biyu ne kawai, ba su san juna ba, ba za su sake haɗuwa ba, kowanne ransa na hannun ɗan'uwansa na 'yan daƙiƙoƙi. Abin da ke tsakaninsu irin abin da ya riƙe cinikin Sabo ne fiye da shekara 100, watau yarda cewa wancan ba zai cuce ni ba, ni ma ba zan cuce shi ba. Mai sa ƙwan da ke makantar da jama'a ya ci wannan amana, ko da bai sani ba.

Da muka zo biya, dattijon ya karɓi ladan aikinsa, ya miƙa wa direba ƙwan LED ɗin da ya rage a cikin leda. Ya ce, "Ɗana, kai shi gida ka haska tsakar gida da shi, can ba wanda zai tunkaro ka." Yaron ya durƙusa ya karɓa, ya ce, "Na gode, Baba, Allah Ya ƙara girma."

Kashegari tun kafin asuba muka kama hanyar gida. Hasken namu ja-ja ne kamar da, amma a kan kwalta ya kwanta, muna ganin ramuka tun daga nesa. Daga Ojoo har gari ya waye mana kusa da Ogbomosho mun yi kiciɓis da manyan motoci masu yawa ɗauke da shanu da kwandunan tumatir, babu wadda ta ƙyafta mana, da yawansu ma suna hango mu suke sauke tasu doguwar.

Shawarata ga duk mai mota, da mai ba da motarsa haya, da shugabannin tasha, ita ce kafin a kama doguwar tafiya a sami bango da alli, a tsai da mota da dare a kunna gajeriya a duba. Aikin minti 10 ne. Allah Ya kiyaye hanya, Ya sada kowa da iyalinsa lafiya, amin.